Bindigogin Burgi Sun Ƙi Tashi

Matar yayana ce. Sunanta na takarda Notburga, amma in ka shigo Ebersteig kana tambayar Notburga, sai dai a nuna maka hoton waliyyiyar da ke bangon coci. Burgi muke ce mata. Ni ne Ferdi, ƙanin mijinta. Na yi shekara talatin da huɗu ina raba wasiƙu a ƙauyukan tuddan nan, har gwiwoyina suka ce sun gaji. Tun ranar da yayana Rupert ya kawo ta gidanmu muke tsiya ni da ita, kuma har yau ba mu tashi wasan ba. Ita ta ce bakina ya fi ƙafata sauri, ni na ce taurin kanta zai fasa dutse. Duk cikinmu ba wanda ya yi ƙarya.

A kamfanin ɗinkin riguna da ke cikin kwari ta yi rayuwar aikinta. Ba ɗinki take yi ba, gyaran kekunan take yi. Keke ɗari da ashirin a zaure ɗaya, makanikai uku, ita kaɗai mace. Matan da suka yi aiki da ita sun ce tana shigowa ƙofa, cikin duk wannan ƙara, sai ta tsaya ta karkata kai ta ce na uku a layi na huɗu zai karya allura, kuma kafin a sha kofin ƙarfe tara ya karya. Da aka rufe kamfanin aka kwashe kekunan zuwa wata ƙasa, ta dawo gida da akwatin kayan aikinta da wani gwangwanin mai mai dogon baki. Bayan shekara biyu Rupert ya rasu.

Ba son harbi ne ya kai ta kulob ɗinmu na harbin bindiga ba. Kayan Rupert ta zo kwashewa daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa na masaukin gari, inda muke harbi a lokacin. Ta tarar an buɗe kabad ɗin ƙarfe da muke ajiye bindigogin kulob, waɗanda ake ara wa irina da ba mu da namu. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta duba cikinta a hasken fitila.

"Wa ke kula da waɗannan?" in ji ta.

"Kowa da kowa," in ji wani.

"Na ga alama. Ko kajina sun fi su samun gata."

Cikin shekara ta yi lasisinta na riƙe bindiga, shekarar da ta biyo aka ba ta makullin kabad. Shekara goma sha ɗaya yana rataye a zobe ɗaya da makullin gidanta. Ba ta taɓa faɗa ba, amma ni na sani: bayan kamfani da miji sun tafi, wannan makullin ne ke tashinta da sassafe ranar Alhamis, shi ne ke sa ta gyara gashi ta fito cikin mutane. Harbinta kam ba abin a zo a gani ba ne. Takardar saiti tana cikin kwanciyar hankali in Burgi ce ta tsaya a gabanta.

Shekara uku da suka wuce muka rabu da tsofaffin bindigogin kulob masu guduma a ƙeya, muka sayi sababbi guda biyar. Waɗannan ba su da guduma. Allura ce a ɓoye cikin marfin sama, sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke ingiza ta, na bayanta, in ka ja kunama sai ta ƙwace ta doki gindin harsashi. Suna da wata ɗabi'a da Burgi ba ta taɓa so ba: ba sa kwancuwa don gogewa sai an ja kunama tukuna. Don haka ta kafa doka. Ka zare gidan harsashi, ka ja marfi baya, ka leƙa maƙogwaron, ka sa yatsa ka taɓa, ka sake leƙawa, sannan ka juya bakin ga bokitin yashi ka ja. Shugabanmu Engelbert ya taɓa tsallake taɓawar, ta doke masa hannu a gaban kowa kamar yaron da ya kai hannu tukunyar miya. Mutum ne mai gidan sayar da taraktoci, bai saba a doke masa hannu ba. Daga ranar ya fara yawan tuna mana cewa surukinsa Roland ya je kwas na kwana biyu kan irin waɗannan bindigogi, har da satifiket.

Burgi ba ta da satifiket. Kowace Alhamis tana raba kowace bindiga gida huɗu, mariƙi da marfi da bututu da babban sifirin, ta goge, ta bi su da manta, ta mayar. Cikin marfin kuwa ba ta taɓa buɗewa ba, don mai kantin da ya sayar mana ya ce wannan ba aikin kulob ba ne.

A kakar bara mai masauki ya ce yana son ɗakinsa, muka koma tsohon wurin fasa dutse da ke bayan gari. Bango uku ne da rufin kwano, gaba a buɗe. Mu da muka saba harbi da shat a ɗaki mai ɗumi, sai ga mu da kwat biyu-biyu muna hura hannu.

Asabar ta biyu a Janairu mutanen ƙauyen Rohrleiten suka zo gasa. Mun yi shekara shida muna cinye su, har mun fara jin tausayinsu. Ranar sanyi ya kai goma sha huɗu ƙasa da sifiri. Ina riƙe da bindiga lamba uku, wadda na saba ara. Harbi na bakwai na ja kunama, na ji ƙyas, shiru. Na riƙe bakin a gaba, na ɗaga hannu, alƙali ya zo aka fitar da harsashin lafiyarsa lau. Sau uku abin ya faru da ni, sau biyu da mai lamba biyar. Suka cinye mu da maki tara, suka tafi suna yi mana jaje, wanda ya fi zagi ciwo.

To a nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Harsasan da muke harbawa Baba Kajetan ne ke cika mana su. Tsohon kafinta ne, shekararsa saba'in da tara, harbi ya cinye masa kunne tun tuni. Shekara talatin yana tattara kwanson da muka zubar, ya wanke, ya auna albarushi a ɗan sikelinsa, ya cika su ɗaya bayan ɗaya a rumfarsa. Na kwashi ukun da suka ƙi tashi na kai masa har ƙarƙashin hanci.

"Baba, mene ne wannan? Garin katako ka zuba mana?"

Bai ji abin da na ce ba, amma ya ga fuskata, ya ga harsasan. Ya karɓa yana jujjuya su.

Engelbert ya tara mu nan take a bakin murhun gawayi. "Abu biyu ne," in ji shi, "ko harsashi ko bindiga. In harsashi ne, Baba Kajetan ya yi mana ƙoƙari, lokacin hutu ya yi. In kuwa bindiga ce..." Sai ya dubi Burgi.

"Ƙarasa mana, ranka ya daɗe, me ya maƙale maka a wuya?" in ji ta. "In bindiga ce, makulli naka ne. Ka ba surukinka ya rataya kusa da satifiket."

"Kowa ya ji ko?" in ji Engelbert.

Kowa ya ji, ban da mutum ɗaya.

Aka daina karɓar harsasan Kajetan, aka koma na kanti. A makon nan kuma iskar kudu mai ɗumi ta taso, ƙanƙara ta fara ɗiga daga rufi. Mako uku muna harbi, ko ɗaya bai ƙi tashi ba. Magana ta ƙare ke nan a wurin kowa. Kajetan ya daina zuwa. A coci ma ya koma kujerar baya, ni kuma in na hango shi a hanya sai in tuna ina da uzuri a ɗaya ɓangaren.

Tsakiyar Fabrairu sanyi ya dawo da ƙarfinsa. Wata Alhamis na kai Burgi wurin harbi da wuri a motata, mu biyu kaɗai, don ta saba gwada kowace bindiga da harbi biyar kafin mutane su iso. Ta ɗauki lamba uku, ta cika ta da na kanti. Na farko ya tashi. Na biyu, ƙyas.

Ta jira, ta fitar da shi, ta tsaya tana kallonsa a tafin hannu.

"Na kanti ma akan samu ɓaragurbi a ciki," na ce. "Jefa shi a gwangwani, Yaya, mu hura wuta."

"Ina naka guda ukun nan?"

"Suna wurin Baba. Wai me za ki yi da su?"

"Akwai biyun mai lamba biyar a aljihun kabad. Miƙo min."

Ta jera su uku a kan teburi, ta ɗauko kwanso ɗaya da ya tashi ta ajiye a gefe, ta fito da gilashin da take duba haƙoran keke da shi. Ni ma ta sa na duba. Wanda ya tashi, ramin da allura ta yi a gindinsa mai zurfi ne. Ukun nan kuwa ɗan tabo ne kawai.

"Harsashi ba ya dukan kansa," in ji ta. "Wanda ya doke su ne ba shi da ƙarfi."

"Kin dai tuna abin da kika faɗa a gaban mutane."

"Bakina ne ya faɗa, ya za a yi in manta?"

Daga ranar ta ɗauki lamba uku zuwa gida, tunda tana da izini da kabad nata. Ni kuma na zama direba da ɗan kallo, ina zuwa kowace hantsi da sunan shan kofi. Gaskiyar magana, fata nake ta gaji ta bari. Ina tsoron ta samo abin da take nema.

Ta shimfiɗa farin zani a teburin kicin ta raba bindigar gida huɗu, ta mayar, ta sake rabawa. Ta auna babban sifirin da na lamba ɗaya, daidai suke. Ta haska bututu, fes. Ta kai ta ɗakin ƙasa na wani abokin Rupert mai wurin harbi a gidansa, ta harba hamsin, duk suka tashi. Ta dawo ranta a ɓace, don ba abin da makanike ya tsana irin ciwon da ke ɓuya in likita ya zo.

"Saura cikin marfi," in ji ta.

"An ce ba aikinku ba ne."

"An ce ma mace ba ta gyaran keke."

Ta shiga bas zuwa birnin Linz, awa ɗaya da rabi, ta sayo ɗan littafi mai zanen kowane ƙarfe da ke cikin irin wannan bindiga. Mai kantin ya tambaye ta ko maigida ne ya aiko ta. Ta ce masa e, daga maƙabarta. Da ta dawo, zanen kawai ta duba. Burgi ba ta karanta bayanin littafin inji, tun tana kamfani. Ta ce wanda ya rubuta bai taɓa riƙe sukudireba ba, amma mai zane dole ya ga abin da idonsa.

Buɗewar farko ba ta yi kyau ba. Tana zare ɗan faifan da ya rufe ƙeyar marfi, wani ƙaramin ƙarfe mai sifirin ya yi tsalle ya wuce ta gefen kunnena. Muka ji ya faɗi, ba mu ga inda ya faɗi ba. Ta hana ni motsi, ta hana kyanwa shigowa. Ta ɗauko maganaɗisun da take tsintar allurai da shi a kamfani, ta durƙusa tana bin katakon ƙasa ɗaya bayan ɗaya, mace mai shekara sittin da bakwai. Sai washegari da rana ta same shi cikin kwandon dankali. Bayan wannan, cikin babbar ledar burodi take sa hannuwanta in za ta buɗe, duk abin da ya yi tsalle ya tsaya a ciki.

Wannan karon ba ta ma kai ga allurar ba, mayarwa ta yi don ta tabbata ta iya. Da ta zo ɗora marfi a kan mariƙi, ya tafi rabi ya cije.

"Buga masa ta baya mana," na ce.

"Haka kake yi wa akwatunan wasiƙar mutane, shi ya sa duk suka karkace. Ƙarfe in ya ƙi, yana da dalili."

Ta cire, ta duba, ashe babban sifirin ne bai zauna a matakinsa ba, ya zame ƙasa kaɗan. Ta tura shi da babban yatsa har ya ce ƙas, marfi ya wuce sumul. Sai da ta buɗe ta rufe sau goma a jere, tana kallon taga ba ta kallon hannunta, sannan ta yarda ta sha kofinta da ya huce.

A zanen ne ta gane cewa in ka danne wani ɗan ƙarfen tsaro da ke cikin marfi ka girgiza, ya kamata allurar ta yi ta kai da kawo a raminta ba abin da ya riƙe ta. Ta danne ta girgiza a kunnenta. Ni na ji ƙara, na ce lafiya lau. Ita ta ce ƙarar tana da nauyi, kamar mai magana da mura. Amma nauyin murya ba hujja ba ce, kuma a kicin ɗin nan bindiga tana aiki.

Abin da ya buɗe mata ido, ƙofar motata ce. Ta daɗe tana kuka, Burgi ta ce ta gaji da jin ta, ta fito da gwangwaninta ta zuba mata, ta manta shi a ƙarƙashin kujera. Ya kwana a waje. Da safe na kawo mata, ta karɓa za ta ɗiga wa makullin ƙofar lambu, ta matsa gindin gwangwanin, mai ya ƙi fitowa. Ta sake matsawa, da ƙyar ɗigo ɗaya ya leƙo ya tsaya a baki. Na ga fuskarta ta canza. Ta shige ciki, ta naɗe marfin lamba uku a leda, ta tura shi cikin firiza tsakanin kwalaben miya da dunƙulen fulawarta masu cushen 'ya'yan itace.

Awa biyu muka zauna. Ta fere dankali, ni na karanta jarida har shafin sanarwar rasuwa. Da ta fito da shi, ta danne ɗan ƙarfen ta girgiza a kunnenta. Sannan ta kawo kunnena. Tsit.

Ta sa hannu a ledar burodi ta buɗe ƙeyar, ta jawo allurar. Da ƙyar ta fito, baƙa ƙirin, wani abu mai danƙo kamar kwalta ya lulluɓe ta, da ɗan ƙyalli-ƙyallin garin tagulla a ciki. Ta shafa a farin tsumma ta kai hanci. Ba ta buƙatar kowa ya gaya mata warin wane ne.

"Nawa ne," in ji ta.

"Yaya aka yi ya shiga can, alhali ba ki taɓa buɗewa ba?"

Ta juya marfin ta nuna min wani ɗan rami a fuskarsa ta ciki, inda bakin allura ke leƙowa. "Ta nan. Ɗigo ɗaya kowace Alhamis, shekara uku. A jikin keke, Ferdi, duk ramin da ka gani irin wannan na mai ne. Hannuna ne ya gan shi, ko tunani ban yi ba."

Sai a lokacin ta buɗe littafin ta karanta rubutun. Yana nan a shafi na tara, da manyan baƙaƙe: wannan rami a bar shi a bushe. Mai yana tara toka da garin tagulla, a ɗumi allura na iya ratsawa, a sanyi ya daskare ya riƙe ta. Ta karanta da ƙarfi sau biyu, ta rufe littafin. Na san Burgi shekara arba'in da ɗoriya. Tausayinta ya kama ni har na rasa tsiyar da zan yi mata.

Sai na yi mata abin da na ɗauka alheri ne.

"Yaya, saurare ni. Wa ya sani? Ni da ke da kyanwa. Ki wanke su duka biyar, ki rufe bakinki. Ba za su sake ƙin tashi ba, kowa ya huta."

"Kajetan fa?"

"Baba ya tsufa, ko ba wannan ba, saura nawa ya bari? In bazara ta yi sai a ce a sake gwada nasa, a ga sun tashi, shi ke nan."

"A ce ya gyara halinsa ke nan."

"To sai me? Ki ba Roland makulli? Yaron da ko keken hawansa a kanti ake ɗaure masa sarƙa? Ranar Alhamis me za ki riƙa yi, saƙar safa?"

Ta daɗe tana goge allurar ba ta dube ni ba. "Ka san me ya fi ba ni haushi da kai?" in ji ta. "Duk abin da ka faɗa, na riga ka faɗa wa kaina tun dankalin nan bai gama feruwa ba. Tashi ka kai ni in kwaso sauran huɗun."

Kwana uku ta yi a kansu. Kowace ta buɗe, ta wanke ramin har tsumma ya fito fari, ta busar, ta mayar, ta sa marfin a firiza, ta girgiza. Duk biyar suka yi ƙara garau. Tsummokaran kuwa ba ta zubar ba, ta tura su cikin kwalbar jam ta rufe. Da na ga kwalbar na san na sha kaye.

Taron shekara ya faɗo Lahadin farko ta Maris, bayan coci, a zauren masauki. Ta sa na biya da ita gidan Kajetan. Ya ce ba za shi ba, ta ɗauko masa hularsa da kanta ta sa masa. Mutum ashirin da uku ne a zauren, ana cin gasasshen nama da kabeji. Engelbert ya gama dogon jawabinsa, ya tambaya ko akwai mai magana. Burgi ta miƙe, ta ajiye kwalbar a tsakiyar teburi.

Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce bindigogin ne suka ƙi tashi, ba harsashi ba. Ta ce manta ne ya riƙe allura, ita ta zuba shi da hannunta inda littafi ya ce kada a zuba, kuma ba ta karanta littafin ba sai makon jiya. Ta ce ta gyara su, duk mai shakka ga firiza a kicin ɗin masauki. Cokula suka tsaya.

Kajetan ya jawo hannun rigata. "Me take cewa?"

Na sunkuya na faɗa masa a kunne. Ya girgiza kai, bai ji ba. Dole na ɗaga murya, a zauren da ko tari ba a yi.

"Baba! Ta ce ba harsashinka ba ne!"

"To na wa?"

"Ba na kowa ba! Mai ne! Man keken Burgi!"

Haka aka sake jin laifinta karo na biyu daga bakina, da ƙarfin da har masu wankin kwano suka leƙo. Ita tana tsaye, ba ta sunkuyar da kai ba. Tunda na riga na buɗe maƙogwaro, na ƙara da nawa: "Ni ma na yi maka ƙazafi, Baba! Ka yafe min!"

Tsohon ya ƙura wa kwalbar ido. Da ya yi magana, da irin ƙarfin muryar kurame ya yi.

"Harsashi ɗari shida na warware. Na sake auna su ɗaya-ɗaya, duk daidai. Sai na ce to idona ne ke min ƙarya, ko kaina ne ya fara tafiya. Har na ce wa 'yata ta fara nema min ɗaki a gidan tsofaffi."

Ba wanda ya iya duban wani. Burgi ta fito da zoben makullanta. Shekara goma sha ɗaya makullin bai fita daga zoben ba, ya ƙi fita. Ta sa farce, farcen ya karye. Wani daga baya ya ce haba, a bar mata mana, ai ita ta gano, ita ta gyara. Mutum uku ko huɗu suka ce haka ne.

"Ba ciniki muka yi ba," in ji ta. "Ni na faɗa, kowa ya ji."

Ta ɗauki wuƙar cin nama ta buɗa zoben, ta zare makullin, ta tura shi gaban Engelbert. Don Allah ba zan yi masa sharri ba, ya ɗan yi jim, kunnuwansa sun yi ja. Amma ya ɗauka ya sa a aljihun kwat. Ban tsane shi ba a ranar, sai dai kaɗan ya rage.

Na ɗauka ba za ta sake taka wurin ba. Ranar Alhamis da safe sai ga wayarta, wai me nake jira, ko motar ce ta ƙi tashi ita ma. Sanyi ya kai sha ɗaya ƙasa da sifiri. Kajetan ya riga mu zuwa, da akwatin harsasansa a kan cinya. Roland ne a bakin kabad, makulli a hannu, sai zufa yake a cikin wannan sanyi. Burgi ta shiga layi a bayana kamar kowa. Da aka zo kanta ta ce lamba uku.

Ta karɓi talatin daga hannun Kajetan ta tsaya a layin harbi. Na ƙi harba tawa, na tsaya ina ƙirgawa, na lura ba ni kaɗai ke ƙirgar ba. Talatin ɗin nan duk suka tashi. Rabinsu ko baƙin tsakiya ba su taɓa ba, amma ba wanda ya duba takardar.

Ta zare gidan harsashi, ta tabbatar ba kome a ciki, ta juya ta nufi teburin goge-goge. Taku biyu ta yi ta tsaya. Ta daɗe a tsaye a wurin, bindiga a hannu, tana kallon tsummokaran da wani ya jera ba yadda take jerawa ba. Sannan ta juyo ta miƙa wa Roland ita da dattinta.

"Akwai ɗan rami a fuskar marfi ta ciki," in ji ta. "Ka bar shi a bushe, ɗana."

Ta je ta zauna kusa da Kajetan a bakin murhu, ta cusa hannuwanta cikin aljihun kwat.